Motar da Ba Ta Tari: Bitar Bas-bas na Lantarki na Mustapha Gajibo

Ƙanena bakanike ne. Garejinsa yana gindin wata darbejiya a bakin titin da ya tashi daga Kano ya nufi Daura, kafin a shiga Dambatta, kuma ya fi shekara ashirin yana cin abinci da kunnensa. Mota tana tahowa daga nesa zai ajiye sifana ya karkata kai ya ce, wannan fulogi ɗaya ne ya mutu, ko kuwa, wannan salansa ce ta fashe. Da wuya ya kuskure. To wannan mutumin ne na zauna kusa da shi a cikin wata ƙaramar bas a Maiduguri a 2022, mun je ɗaurin auren 'yar wani aminin mahaifinmu, sai na ga ya kasa zama daidai. Fasinja sun cika, direba ya shiga, ya rufe ƙofa, shiru. Ya raɗa mini a kunne, "Yaya, ai motar nan a kashe take." Direban, wani matashi, ya jiyo shi. Ya yi dariya ya ce, "Baba, a kunne take, ku dai gyara zama." Kafin ƙanena ya ba shi amsa mun riga mun bar wurin.

Kwana huɗu muka yi a garin, kuma duk inda za mu je sai mun nemi irin wannan motar, ko da za mu jira. Ni saboda daɗin zaman, shi saboda abin ya tsaya masa a rai. Tun daga lokacin ba mu daina zancenta ba, har ta zama mana kamar wani littafi da muka karanta tare muka saɓa a kan fassararsa.

Mai aikin shi ne Mustapha Gajibo, ɗan Borno, wanda ya bar Jami'ar Maiduguri bai kammala ba ya kama sana'ar sola, ya kafa kamfanin Phoenix Renewables. A wajajen 2017 ya juya ga ababen hawa. Abin da ya fara yi kuwa shi ne ya sami ƙananan bas-bas masu cin mutum bakwai da babura masu ƙafa uku, irin waɗanda mu a Kano muke kira a-daidaita-sahu, ya zare musu injin fetur ya dasa na lantarki. A 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin cewa ya riga ya yi wa bas goma wannan aikin, kowace tana cin kilomita 100 a caji ɗaya, kuma yana kan ƙera wata mai cin mutum 12 tun daga tushe. Wannan ta biyun ce jaridu suka fi ɗauka, ita ce ake ta yaɗa hotonta. Ni kuwa zuciyata tana wajen tsofaffin, waɗanda aka yi wa dashe, kuma a kansu zan fi daɗewa.

Bari in fara da abin da jiki ya ji. Duk wanda ya saba hawa bas ɗin kasuwa ya san yadda take tashi: direba ya taka kuloci, ya danna totur, inji ya yi kuka, mota ta girgiza kamar mai masassara, sannan ta ja jiki da ƙyar. Wannan ba ta yin ko ɗaya. Tana zamewa ne kawai, kamar an tura kwalekwale daga gaɓa. Dalilin ba sihiri ba ne: injin fetur sai ya yi juyi da yawa kafin ƙarfinsa ya taru, shi kuwa na lantarki ƙarfinsa yana nan cikakke tun daga juyin farko. A cikin gari, inda ake tsayawa duk bayan taku kaɗan a sauke wannan a ɗauki wancan, wannan halin ya fi kowane gudu amfani. Sai kuma shirun. Ban san yawan ƙarar da muke haɗiya a mota ba sai da aka ɗauke ta. Na ji wata dattijuwa a kujerar baya tana lissafin cefanenta da Kanuri, na ji tayar tana taka tsakuwa, na ji kiran sallar la'asar daga wani masallaci da muka wuce tun farkonsa har ƙarshensa. Ba warin mai, ba zafin inji yana dukan cinya. Mutum ya sauka da farar rigarsa kamar yadda ya hau.

Amma daɗin fasinja daban, gwanintar maƙeri daban, kuma ƙanena ne ya buɗe mini ido a kan ta biyun. A daren farko ya zauna a tabarma yana lissafa mini da yatsu abubuwan da suke mutuwa idan aka cire inji. Ni a tunanina, ka fitar da inji da tanki da lagireto da salansa, ka sa batir, shi ke nan. Ya ce, "Yaya, birki fa?" Ashe a yawancin motoci laushin birkin da direba yake ji a ƙafarsa aro ne daga inji, domin injin ne yake zuƙe iska daga wata tukunya da ke bayan fedar, wannan zuƙar ce take taya ƙafa matsawa. Ka cire inji, birki ya koma kamar kana taka dutse, sai ka nemo wani ɗan famfo na lantarki ya riƙa yin wannan zuƙar. Fitilu da hon da sigina kuwa, altaneta ce take ciyar da ƙaramin batirinsu, ita ma inji ke juya ta, don haka sai an sa na'urar da za ta sauko da wutar babban batir zuwa bolt 12. Ga haɗa sabon injin da abin da zai kai juyi ga tayoyi, wanda in aka kauce da kaurin farce ma, mota za ta riƙa rawa tana cin ƙarafunanta. Ga nauyin batir, wanda in ka tara shi a baya sitiyari ya yi sakwa-sakwa, in ka ɗora shi a sama mota ta nemi kifewa a kwana. Washegari da muka sake hawa, sai na ga ya zuba wa ƙafar direban ido. Da aka taka birki mota ta tsaya lafiya lau, ba tare da direban ya ɗaga daga kujera ba, ƙanena ya gyaɗa kai sau biyu. A shekarun da na san shi, ban taɓa ganin ya yaba wa aikin wani bakanike da abin da ya wuce haka ba.

Wannan shi ne irin aikin da ba ya fitowa a hoto. In an yi shi da kyau babu wanda zai lura, in an yi shi da ha'inci kowa zai sani a kwanar farko. Yabon gwani ya zama dole.

A Ingila akwai wata tsohuwar al'ada ta haɗa mota a gida. A 1957 Colin Chapman na kamfanin Lotus ya fitar da wata 'yar ƙaramar mota mai suna Seven, ana sayar wa mutum ita a warwatse cikin akwatuna ya je ya haɗa a garejin gidansa, saboda harajin saye bai hau kan motar da ba a haɗa ba. Daga 1973 kamfanin Caterham ya karɓi ƙirar, har yau kuma ana sayen ta a haka. Ana ba da labarin cewa dokar harajin ta hana a haɗa wa mai saye da takardar yadda ake haɗawa, sai kamfanin ya buga takardar yadda ake kwancewa, in ya so mutum ya karanta daga ƙarshe zuwa farko. Duk lokacin da na tuna labarin nan sai na yi murmushi, domin ai haka duk yaran gareji na ƙasar nan suka yi karatu. Babu wanda ya ba su takarda. Oga ya ce kwance, ka kwance, ka jera notuna a kan buhu bi da bi, ka mayar. Yau a can Turai da Amurka akwai masu sayen injin lantarki da batir da wayoyi a kunshi ɗaya su dasa wa tsohuwar mota a ƙarshen mako don nishaɗi. Mu ba mai aiko mana akwati. Akwatinmu shi ne Kasuwar Ƙofar Ruwa da gawarwakin motocin da ke kwance a bayan kowace tasha, kuma abin da ya burge ni da Gajibo shi ne ya gane haka. Ya fara da kwancewa. Ya dubi bas ɗin da injinta ya gaji amma ƙashinta da ƙafafunta suna nan daram, ya ga rabin mota kyauta. Gilashinta, ƙofarta, sifirin ɗinta, tayarta, duk akwai su a kasuwa, duk kuma akwai wanda ya iya gyaransu a kowane gari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba shi ne ɗan Arewa na farko da ya ba duniya mamaki da ƙira ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa. A wannan shekarar ce kuma aka nuna wa duniya samfurin Chevrolet Volt a Detroit, wadda Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya zana surarta. Ina alfahari da duka biyun. Sai dai jirgin Mubarak abin kallo ne, Volt kuwa ta Amurkawa ce. Bas ɗin Maiduguri ita ce wadda dattijuwa ta biya kuɗinta ta hau da kwandon tumatir.

Kuma a tuna a wane gari aka yi wannan. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa turakun babban layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, Maiduguri ta shafe watanni a cikin duhu. Mutum ya tashi a irin wannan garin ya ce zai yi motar lantarki, da yawa za su ce ya sami taɓin hankali. Amsarsa ita ce tashar caji mai aiki da hasken rana, wadda shi da wani abokin aikinsa suka tsara suka gina. A ganina tashar nan rabin aikin ce cif. Mota ba tare da ita ba ado ne. Bayan 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000, sai waɗanda suka yi masa dariya suka fara tambayar nawa ne kuɗin dashen.

To, yanzu sai inda nake da ja, kuma ja ne na masoyi.

Na farko ba laifin maƙerin ba ne kai tsaye, laifin yadda ake ba da labarin ne. Mutane da yawa a wajenmu sun ɗauka faifan solar da ke kan rufi shi ke tuƙa mota, wato muddin rana tana sama ba za ta tsaya ba. Bari in yi lissafin malamin makaranta, da yunit irin na mitar gida. Rufin ƙaramar bas ba zai ɗauki fiye da manyan faifai biyu ko uku ba, a ce duka su ba da wat dubu ɗaya in rana ta take. Rana mai ƙarfi a ƙasarmu awa biyar ce zuwa shida. Ka sami yunit biyar ko shida ke nan a yini, in ba ƙura ba hazo. Bas cike da mutane kuwa tana iya cinye yunit guda a kilomita biyar ko shida. Wato rufin zai ba ka wajen kilomita 30, abin alheri ne, amma ba yinin direban haya ba ne. Ainihin abincin motar yana tasha. Na so a ce ana faɗar wannan da babbar murya, don kada wani ya sayar da gonarsa ya sayi faifai uku yana jiran abin da rana ba ta yi alkawari ba.

Haka nan alƙaluman nisa. Reuters ta ce kilomita 100, daga baya mujallar MIT Technology Review ta ce 150 ga ƙananan, ta kuma ce mai cin mutum 12 tana kai 212 kuma tana cika cikin minti 35. Ban ƙaryata ko ɗaya ba, aiki yana ci gaba, adadi yana canzawa. Amma direba ba ya cin adadi tsirara. Yana so ya ji: da mutum nawa a ciki, a kan wane irin titi, a watan sanyi ko a watan Afrilu, da sabon batir ko wanda ya shekara biyu. Duk motar lantarki a duniya nisanta yana raguwa da kaya da tsufa, kuma zafi yana tsufar da batirin lithium da wuri. A garin da bazara take haura digiri 40, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Littafin da zai fi kowace talla amfani shi ne littafin direba na shekara uku, kullum an rubuta nawa aka caja, nawa aka yi tafiya, nawa aka samu.

Sai batirin kansa, wanda shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma ƙwayoyinsa daga waje suke zuwa, galibi daga Sin, da dala. Ana iya lanƙwasa ƙarfe a Maiduguri, a ɗinka kujera, a yi fenti, a ja waya, amma duk ranar da naira ta faɗi, zuciyar motar ta ƙara kuɗi. Batirin dalma irin na mota da muka saba da shi ya fi araha, sai dai ya ninka na lithium nauyi sau uku ko fiye kafin ya riƙe wuta daidai da shi, kuma ba ya jure a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf kullum. Abin da ke ci mini rai shi ne ana haƙo dutsen lithium ɗin a ƙasar nan, har an buɗe masana'antar tace shi a Jihar Nasarawa a 2024, ya tafi a buhu ya dawo mana a kwali. Wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya da garejinsa, ban kuma ɗora masa ba. Amma duk mai cewa motar ta gida ce ɗari bisa ɗari, ya rage kaɗan.

Ja na ƙarshe shi ne wanda ya fi kusa da ni, domin ni ɗan ƙauye ne. Motar Gajibo 'yar birni ce, an yi ta don kwalta da tasha da fasinja. Mu kuwa a nan arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Dambatta zuwa Makoɗa zuwa Bichi, ƙasar a cike take, gona tana jingine da gona, ba saura, ba daji, gida a nan gida a can tsakanin gawo da ɗorawa. Ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu ba ta rayuwa sai da taki, taki kuwa sai an ɗauko shi. Michael Mortimore, Baturen da ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960, ya rubuta yadda jakuna suke shiga birni da itace su fito da taki a mangala. Jakin ya ragu, kayan ba su ragu ba. Buƙatarmu ba ta mutum bakwai a kan kujera ba ce. Buhu shida ne na gero daga gona zuwa gida, taki da bazara, harawa da kaka, tumatir da albasa daga bakin madatsar Tomas zuwa titi da sassafe, mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Tafiyar gajera ce, da wuya ta wuce kilomita 15, amma a cikin rairayi ne da burtali mai faɗin amalanke ɗaya, da damina kuma a cikin kwari mai ruwa har gwiwa.

Abin mamaki, wannan ita ce tafiyar da ta fi dacewa da injin lantarki. Ƙarfin nan na juyin farko da na ji a titin Maiduguri shi ne ainihin abin da ke fitar da taya daga yashi. Gajeriyar tafiya ba ta son babban batir, ƙaramin batir kuwa shi ne ƙaramin kuɗi. Faifan sola ma sun riga sun shigo, suna nan a bakin rijiyoyin masu noman rani suna juya famfo, da damina kuma a jingine su a ɗaki. Abin da ya rage shi ne a rufe akwatin batir yadda ruwa da ƙurar hunturu ba za su shiga ba, a ɗaga shi daga ƙasa, a kuma sa masa na'urar nan mai gadi da take hana ƙwaya ɗaya cika fiye da 'yan'uwanta, domin batirin lithium da aka haɗa da ganganci wuta yake kamawa, mu kuwa rumbunanmu da dangoginmu na kara ne. A nan ne nake jin tsoron masu kwaikwayo da ido. Na so a ce hikimar da aka tara a wancan garejin ta fito a rubuce, da Hausa da Kanuri, da zane, ɗan littafi mai araha da yaron gareji zai naɗe ya sa a aljihu: kaurin waya kaza ga ƙarfi kaza, fis a nan, makashin gaggawa a can, kada ka taɓa wannan da zobe a hannu. Ko da irin na Lotus ne, a fara daga kwancewa.

Da kaka, idan an gama yankan dawa, yaran unguwarmu suna zama a inuwar rumbu su fere kara su ƙera motoci, da taya da sitiyari mai tsawo da ake tuƙawa a tsaye. A da duk mai tura motar kara da bakinsa yake yin ƙarar inji, har da canjin giya. Bana na ga ɗan ƙanena yana tura tasa shiru. Na ce, "Kai, taka ta lalace ne?" Ya ce, "A'a Baffa, ta caji ce."

Uban nasa kuwa ya sayi wata matacciyar 'yar ƙurƙura a hannun wani mai dakon hatsi na Dawanau, ya zare injin ya sayar, ya wanke ƙashin ya yi masa jan fenti. Tana nan a gindin darbejiyar, an ɗora ta a kan bulo huɗu. Ya auna gurbin batir da igiya, ya yanka kwali daidai girman ya ajiye a ciki don ya ga yadda zaman zai kasance. Injin lantarkin ya riga ya samu, na hannu, yana ƙarƙashin gadonsa a naɗe cikin buhu. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira wani mai kayan sola a Sabon Gari ya tambayi kuɗin batir, ya ce to, ya gode, ya rubuta adadin da alli a jikin ƙofar garejin, a ƙarƙashin na makon jiya.